Darasi na 9: Aro da Ƙirƙira a Fassarar Kimiyya

Kowace ƙwayar halitta tana da zaruruwan furotin masu riƙe siffarta, kamar yadda azara take riƙe rufin soro. Kainas kuwa sinadari ne da yake liƙa wa furotin fosfet, ya sauya aikinsa. A jar ƙwayar jini, idan kainas mai suna Syk ya yawaita liƙin, fatar ƙwayar takan saki zaruruwan, ta yi rauni. Hakan yana tsananta ga masu amosanin jini.

Malamin da zai bayyana wa ɗaliban Kurawa wannan yana da hanyoyi biyu: aro, kamar "kainas", ko ƙirƙira, kamar "azarar ƙwaya".

Aiki: Wace hanya ce ta fi isar da ma'ana? Kawo hujjoji.