Hattara da Makarantun Bogi: Jan Hankali ga Iyayen Masu Neman Gurbin Karatu

Jama'a, dalilin rubuta wannan takarda shi ne wata ɓarna da ke dawowa duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta saki sakamakon jarrabawar shiga manyan makarantu. Hukumomin ilimi sun yi gargaɗi a rediyo, sun yi a jaridu, sun buga sunayen makarantun da ba su yarda da su ba, amma har gobe ana kwasar 'ya'yan bayin Allah ana kai su inda za su ƙarar da shekaru da dukiya, su dawo da takardar da babu ofishin da zai karɓa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a majalisa da ƙofar masallaci da cikin gida, domin iyaye mata ma da su ake, su ne ke sayar da akuya da ɗan kunne idan an ce kuɗin makaranta.

Da farko a san wane yaro ake magana a kansa. Ba zakaran aji ba ne, ba kuma wanda ya faɗi warwas ba. Shi ne wanda ya haɗa kiredit biyar da ƙyar, wataƙila a zama biyu, WAEC da NECO, sannan ya ci maki ɗari da sittin ko ɗari da tamanin a JAMB. Irinsa su ne mafi yawa. A shekarar 2025 yara kusan miliyan biyu suka zauna jarrabawar, kuma a sakamakon da aka fara fitarwa fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Saboda haka uban da ke kallon ɗansa da ido ɗaya don ya ci 170, ya sani cewa ɗan nasa yana cikin taron jama'a ne, ba a bayan gari ba. A waccan shekarar ta 2025 mafi ƙarancin makin da aka tsayar shi ne 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin koyon aikin jinya, 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi. Amma a fahimta, wannan ƙofar shiga layi ce kawai. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata makin, kowane sashe kuma yana ɗaga nasa a kan na jami'ar.

A nan kuskure ke farawa. Uba ya rantse ɗansa sai likita, uwa ta ce 'yarta sai lauya. Ga shi kuwa guraben likitanci da na lauya ƙidayayyu ne, majalisun da ke kula da waɗannan sana'o'i su ke yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, ba ta isa ta ƙara ba. Sai a cika wa mai maki 175 fom da likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero, a zauna jiran suna. Shekara ta wuce. A sake, ta sake wucewa. Yaro ya fara zaman bakin titi, yarinya ta fara jin maganganun maƙwabta, hankalin gida ya tashi. To, daidai wannan lokacin dillali yake sallama.

Ba ya zuwa da kamar ɓarawo. Yana zuwa da babbar riga da takardu masu launi, da hoton gini mai hawa uku, wani lokaci ma ta hannun wanda kake jin nauyinsa. Abin da zai ce kusan iri ɗaya ne ko'ina: "Alhaji, kwantar da hankalinka, mu ba ruwanmu da JAMB. Shekara uku ya gama, kuma har bautar ƙasa za mu saka shi." Duk wanda ya ji an ce ba ruwan makaranta da JAMB, alhali a Najeriya take kuma digiri ko difloma ta ƙasa take alkawarin bayarwa, to ya riƙe aljihunsa ya sallami baƙo.

Kowa ya ji labarin Kwatano ta Jamhuriyar Benin. A ƙarshen shekarar 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu na jaridar Daily Nigerian, ya nuna wa duniya yadda ya sami digiri daga wata makaranta a can cikin mako shida, bai zauna aji ba, bai rubuta jarrabawa ba, har ya shiga bautar ƙasa da takardar. A farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Daga baya ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya bayyana cewa 'yan Najeriya fiye da dubu ashirin da biyu ne ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Abin tausayin shi ne guguwar ba ta tsaya kan masu sayen takarda kaɗai ba. Ta haɗa da yaran da suka je da zuciya ɗaya, suka zauna shekaru a ɗakin haya, iyayensu suna canza naira zuwa sefa da ƙyar da jiɓin goshi, ba su san makarantar ba ta cikin waɗanda aka amince da su ba. Ba a ce duk makarantar da ke ƙetare ta bogi ce ba. Akwai na ƙwarai. Amma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke da ta cewa a kan wace takardar waje za a karɓa, kuma kafin biyan kuɗi ake tambaya, ba bayan yaro ya dawo da hula da riga ba.

Kada kuma a ɗauka sai an tsallaka iyaka. A cikin garuruwanmu an buɗe wuraren da ake kira makarantun kiwon lafiya, ɗaki biyu da allo da babban allon suna a bakin hanya. A ɗinka wa yara fararen kaya, su riƙa wucewa da safe unguwa tana sha'awa, uwa tana cewa 'yarta ta zama nas. Sai an gama shekara uku, lokacin jarrabawar majalisar da ke ba da lasisin aiki ya zo, a tarar ba a san da zaman makarantar ba, ko an santa amma ba a yarje mata wannan kwas ɗin ba, ko kuma ta ɗebi ɗalibai fiye da adadin da aka yanka mata, sunan 'yarka bai shiga ba. Akwai kuma na uku, wanda ya fi ruɗarwa: makarantar ta gaskiya ce, ta gwamnati ma, amma ta bayan gida aka shigar da yaron. Tun shekarar 2017 JAMB ta kafa tsarin da ake kira CAPS, inda kowane gurbi ke bi ta intanet, yaro ya gani da idonsa, ya danna ya karɓa, ya fitar da takardar shiga daga hukumar. Ta sha nanatawa cewa gurbin da bai bi ta nan ba haramtacce ne. Wanda sunansa bai hau kundin ɗaliban JAMB ba, ranar da 'yan ajinsa za su tafi sansanin bautar ƙasa yana gida.

Misalin wannan al'amari kamar mutumin da ya sayi fili ne a hannun dillali ba takarda. An kai shi bayan gari da yamma, an nuna masa turaku huɗu, an ce awon igiya ne, araha ce, gobe wani zai ɗauka. Bai je wurin mai unguwa ba, bai leƙa ofishin ƙasa ba, ya ƙirga kuɗi ya bayar. Ya sayi yashi, ya buga bulo, ya haƙa rijiya, kowane wata yana tsakurar abincin iyali yana sayen siminti. Ginin kuwa ba shi da aibi, bulo na gaske ne, kwano na gaske ne, gumin da ya zuba ma na gaske ne. Ya yi rufi, ya shafa fenti, ya gayyaci malamai suka yi addu'a, ya tare. Rannan da hantsi sai ga mota ta tsaya, wasu suka sauko da gwangwanin jan fenti suka zana alama a jikin katanga, suka ce nan hanya ce, ko filin makaranta ne tun da daɗewa. Ya nemi dillali, waya a kashe. Ya ce yana da shaidu, aka ce shaidu ba takarda ba ne. Haka karatu a makarantar da ba ta da rajista yake: yaron ya tashi da asuba da gaske, ya yi bita da gaske, wataƙila ma ya koyi wani abu, amma a kan filin da ba nasa ba ya yi ginin. Mai gida ma yana iya tsince kwanonsa da ƙofofinsa bayan rusau. Shekara huɗu ta ƙuruciya kuwa babu inda ake tsinto ta.

To, ku iyaye maza, da ku nake. Mutumin da ba zai sayi fili ba sai ya zaga unguwa ya tambayi dattawa, yaya za a yi ya miƙa ɗansa ga makarantar da bai taɓa taka ƙofarta ba? Wannan sakaci ne, kuma kada a lulluɓe shi da cewa haka Allah ya ƙaddara. 'Ya'ya amana ne, za a tambayi kowane uba yadda ya riƙe tasa. Wanda kuma ya san takardar saye ce ya rufe ido ya biya, nasa ya wuce sakaci. Addini ya hana algus, ya hana shaidar zur, takardar da ke cewa wane ya karanta abin da bai karanta ba kuwa shaidar zur ce da hatimi. Albashin da za a ci da ita shekara talatin, a tambayi malamai matsayinsa. Idan ta kiwon lafiya ce, a tuna cewa wata rana mace mai naƙuda za a kawo gaban wannan yarinya, ko jariri mai zazzaɓi, ita kuma ba ta san awon magani ba. Alhakin wannan rai har da wanda ya biya kuɗin takardar.

Binciken ba wuya gare shi ba. Jami'a, hukumar NUC ce ke yi mata rajista, kuma tana buga sunayen na halal da na bogi. Kwalejin kimiyya da fasaha da makamantanta suna ƙarƙashin NBTE, wadda hedikwatarta ke Kaduna. Kwalejin ilimi tana ƙarƙashin NCCE. Aikin jinya da ungozoma suna da majalisarsu, masu kiwon lafiyar al'umma su ma suna da tasu hukumar. A tambayi abu biyu, ba ɗaya ba: an amince da makarantar, an kuma amince da kwas ɗin da yaron zai yi? Duk shagon kwamfuta na kirki zai duba maka cikin minti goma, malamin sakandare ma zai iya. Kuɗin makaranta kuma ba a tura shi asusun mutum, ko da ya ce shi ne magatakarda.

Sauran magana a gajarce. Yaro mai matsakaicin maki yana da ƙofofi da yawa, raini ne ya sa ba a ganinsu. Ga kwalejojin kimiyya da fasaha na Kaduna da Bauchi da Ƙaura Namoda, ga ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ta Hassan Usman a Katsina, ta Ramat a Maiduguri. Shekara biyu ya sami ƙaramar difloma, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, ya koma biyu ya karɓi babbar difloma, da ita kuma ana zuwa bautar ƙasa. Ga kwalejojin ilimi irin ta Isa Kaita a Dutsinma da ta Aminu Saleh a Azare da ta Bichi, ga ta Gusau wadda ta mata ce zalla, shekara uku a fito da NCE. Ga kwalejin aikin gona ta Audu Bako a Ɗambatta. Mai difloma ko NCE da sakamako mai kyau yana iya neman shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu, haka ma wanda ya yi jarrabawar share fage ta IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita. Akwai makarantar share fage ta Funtua. Akwai jami'ar karatu daga gida, NOUN, ga wanda ba zai iya barin kasuwa ko shago ba. Wanda ya nace sai jami'a, ya dubi ta jiharsa ko ta tarayya da ke yankinsa, domin jami'o'in tarayya suna ware kaso ga jihohin da ke kewaye da su, ya kuma zaɓi kwas ɗin da makinsa zai kai. Idan an riga an cika fom da abin da ya fi ƙarfi, JAMB tana ba da damar canza makaranta ko kwas da kuɗi kaɗan, a yi tun guraben ba su cika ba.

Wajen lissafin kuɗi kada a tsaya kan na rajista. A haɗa da ɗaki da abinci da mota da takardun karatu, a ninka da yawan shekarun. Sau da yawa makarantar da ke garinku, wadda yaro zai kwana gida, ta fi wadda ke nesa sauƙi ko da kuɗin rajistarta ya ɗara. 'Ya mace kuwa a san inda za ta kwana kafin a san ajin da za ta zauna. Tun shekarar 2024 akwai asusun lamunin karatu na tarayya, NELFUND, ga ɗaliban makarantun gwamnati, babu kuɗin ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, kuma shi ma sai da lambar JAMB ake nema. Hukumomin tallafin karatu na jihohi suna buɗe fom lokaci-lokaci, a riƙa sauraro. Wanda kuma lissafi ko Turanci ya tsare shi, kada ya ɓata kuɗin JAMB tukuna, ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu ya cike kiredit ɗinsa, sannan ya sayi fom.