Matakan Zagaya Dutse da Motarka Tare da Kwana a Gonar Dabino

A Amurka akwai motocin da ake ƙerawa da gado da madafa a ciki. A nan, ƙaramar bas ko mota mai faɗin baya ta wadatar, in ka bi tsari.

1. Zaɓi lokaci. Ka fita tsakanin Nuwamba da Fabrairu, bayan ruwa ya ɗauke. Da damina hanyoyin ƙauye sukan yanke, da bazara kuma zafi ba zai bar ka ka runtsa a mota ba.

2. Kai motar wajen bakanike kwana 2 kafin tafiya. A duba birki, baƙin mai, ruwan lagireto da tayoyi. Ka gwada jak da hannunka, ka tabbata safaya tana da iska.

3. Haɗa kayan kwana: katifa, tabarma, bargo, gidan sauro, tocila, buta, risho da jarkar ruwa. Riƙe kuɗi a hannu, domin a ƙauye sabis yakan ɗauke.

4. Tsara hanya. Daga Kano ka biyo ta Wudil, ka fara da Dutse, ka ga fadar Sarki a Garu da duwatsun da garin ya samo sunansa daga gare su. Washegari ka nufi Birnin Kudu, ka nemi ɗan jagora ya kai ka Dutsen Habude, inda tsofaffin zane-zane suke jikin dutse. In da sauran lokaci, ka bi ta Kiyawa da Jahun zuwa Haɗeja, ka ƙarasa dausayin Baturiya, matattarar tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da hunturu. Cika tanki tun a Dutse.

5. Nemi masauki kafin la'asar. Nan ne akan yi kuskure. Kada ka shiga gonar kowa kai tsaye. Fara da gidan mai unguwa, ka yi sallama, ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka. Shi zai haɗa ka da mai gonar. In an nuna rashin amincewa, kada ka ja magana, koma gari ka kama ɗaki.

6. Ajiye motar a ƙasa mai tauri, gabanta na kallon hanyar fita. Rairayin jigawa yana riƙe taya. Ka ɗan nisanci gindin dabino, saboda ƙayarsa tana huda taya da ƙafa.

7. Kashe inji kafin ka kwanta. Sassauta gilashi, ka rufe shi da gidan sauro. Kada ka kunna risho ko gawayi a cikin mota, hayaƙinsu yana kisa. Da asuba ka kakkaɓe takalmi saboda kunama.

8. Kafin ka tashi, kashe wuta, kwashe shara, ka sayi dabino a hannun mai gonar ba tare da matsa ciniki ba. Sannan ka koma wurin mai unguwa ka yi godiya da ban kwana.