Motar da ke rawa in an taka burki

Ranar kasuwa motoci suna ɗaukar mutane da hatsi da bisashe daga ƙauyuka zuwa Maraɗi, Tasawa, Tawa ko Damagaram. Wani lokaci direba yakan taka burki, sai mota ta kama rawa. Wasu direbobi sukan ce ba komi, halin tsohuwar mota ne. Wannan kuskure ne. Motar da ke rawa ba ta tsayawa da wuri. In yaro ko jaki ya ratsa hanya, taki biyar ya isa ya raba rai da mutuwa.

Yadda burki ke aiki

Cikin kowace ƙafar mota akwai ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Motoci da yawa, kamar Toyota Hiace da Hilux, suna da iri biyu. A ƙafafun gaba ƙarfen shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, makanikai suna ce mashi disk. A ƙafafun baya ya yi kama da kwano, ana ce mashi tambur. In an taka burki, man burki yana tura wasu ƴan takalma su matse ƙarfen. Na gaba su ne plaket. Matsin nan shi ke tsaida mota.

In fuskar ƙarfen sumul take, mota za ta tsaya lafiya lau. In wani wuri ya fi wani kauri, ko ƙarfen ya karkace, takalman sai su kama, su saki, su kama, su saki. Daga nan rawa take zuwa.

Me ke ɓata ƙarfen?

1. Zafi. Lodi mai yawa da doguwar gangara suna sa burki ya yi zafi ƙwarai.
2. Ruwa. Da damina, shiga ƙorama da burki mai zafi yana iya karkata shi.
3. Mugun ɗauri. In an ɗaure notin ƙafa wani da ƙarfi wani sako-sako, disk ba ya zama daidai.
4. Tsatsa da rairayi tsakanin disk da mazauninsa.
5. Takalmin da ya ƙare, har ƙarfe yana cin ƙarfe.

Yadda ake gane inda ciwon yake

A nemi hanya miƙaƙƙiya, mai kwalta, wadda ba kowa. A sauke fasinja tukuna. A yi tafiya a hankali, a taka burki, a lura.

In sitiyari ne ke rawa a hannu, a duba ƙafafun gaba.

In kujera da jikin mota ne ke rawa, a duba ƙafafun baya.

In mota tana rawa ko ba a taka burki ba, ba burki ne ba. A duba taya, ko ta kumbura, ko ƙarfenta ya lanƙwashe.

In mota tana ja gefe ɗaya, kuma ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi bayan ƴar tafiya, burkin ƙafar nan ya ƙage, ba ya saki. A kai hannu kusa kawai, kada a taɓa ƙarfen, yana ƙuna.

Motocin da ke da na'urar ABS sukan buga ƙafar direba in ya taka burki da ƙarfi bisa rairayi ko santsi. Wannan ba ciwo ba ne, aikinta ke nan. Kada ya ɗaga ƙafa.

Gyara

A tsaida mota wuri mai tauri. A sa duwatsu gaban taya da bayanta. A ɗaga ta da jak, a tokare ta da abu mai ƙarfi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Kafin a cire ƙafa, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, sannan dama da hagu. In tana motsi, akwai abin da ya sake cikin haɗin ƙafar. Sai makaniki ya canza shi, don sabon burki ba ya maganin wannan.

A cire ƙafa, a duba plaket. In kaurin da ya rage bai wuce milimita 2 ba, sun ƙare. A duba disk. In ya yi zurfin zane, ko ya tsage, ko ya yi shuɗi don zafi, a kai ma makaniki ya auna. Akwai lamba rubuce a jikin disk, ita ke faɗin iyakar sirantarsa. In da sauran kauri, ana iya gyara fuskarsa da inji. In ya kai iyaka, sai sabo.

Burki ana canza shi biyu-biyu, dama da hagu tare. Wanda ya canza gefe ɗaya don tsimin kuɗi, motarsa za ta riƙa ja gefe. Araha ba ta ado.

Kafin a maida disk, a goge mazauninsa tas. Kada a hura ƙurar burki da baki, tana cutar huhu. Kada mai ko giris ya taɓa plaket. A ɗaure noti a tsallake, wannan sannan na daura da shi, kaɗan-kaɗan har su ɗauru daidai.

In an gama, a taka burki sau da yawa mota tana tsaye, har ya yi tauri. Wanda ya manta da wannan, takun farko ba zai kama ba.

Rigakafi

A gangara a sa ƙaramar giya, inji ya taimaki burki. Kada a yi lodin da ya wuce ƙima. A canza man burki kowace shekara 2, kuma kada a zuba man inji madadinsa. A tuna: in gudu ya ninka biyu, nisan da burki ke bukata ya ninka huɗu.

Fasinja ma yana da bakin magana. In ya ji mota tana rawa, ya gaya ma direba da ladabi. In bai ji ba, a kai magana wurin shugabannin tasha.

Tambayoyi

1. In sitiyari ke rawa, waɗanne ƙafafu za a duba?
2. Don me ake canza burki biyu-biyu?
3. Mota tana gudun kilomita 40, burki ya tsaida ita cikin mita 10. In tana gudun 80, mita nawa za ta ci?