Yadda Ake Dasa Kajiji a Gida

Kajiji tsiro ne na fadama, ɗan'uwan aya, wanda masana ke kira Cyperus articulatus, kuma ana gane shi da dogon karansa marar ganye, mai gaɓa-gaɓa da yatsa ke ji idan ya bushe. Darajarsa kuwa a saiwa take, domin ita mata ke haɗa turaren wuta da ita. Fadamun Bebeji da na Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, inda damina ta fi ta arewacin Kano nauyi, irin muhallin da yake so ne.

Ba a wahalar da kai da ƙwayar irinsa, saiwar ake rabawa. Idan damina ta kankama, wajen watan Yuni, sai a haƙo gindi guda da lakarsa, a wanke, a yanka saiwar gunduwa-gunduwa, kowace da ido biyu ko uku, wato ƙullutun da sabon toho ke fitowa daga gare shi, sannan a rage karan zuwa taƙi ɗaya. Saiwar da ta yi laushi ko take warin ruɓa zubar da ita ake yi, haka ma ta kasuwa wadda ta riga ta bushe ba ta tsirowa.

Mazubi ya fi fili, saboda saiwar na yaɗo a ƙarƙashin ƙasa, kuma idan ta sami sake takan mamaye lambu. Tsohuwar randa ko rabin duro marar huda ya isa, a zuba laka kashi uku da ruɓaɓɓen takin shanu kashi ɗaya, a kwantar da gunduwar a zurfin yatsa uku, idon na kallon sama, a danne, a ajiye inda rana ke duka.

A wajen ban ruwa aka fi yin kuskure. Kajiji ba ya jure ƙishi, amma ruwan da ya kwanta mako guda matattarar sauro ne, wanda ba abin wasa ba ne a gidan da ke da yara. Saboda haka a riƙe lakar da danshi sharkaf, ruwan saman kuwa a bari yana ƙafewa duk kwana uku ko huɗu kafin a ƙara.

Toho kan ɓullo cikin 'yan makonni. Bayan shekara sai a juye mazubin, a ware na dashe, sauran a wanke a shanya a inuwa, domin zafin rana na rage masa ƙamshi.