Yadda Ake Sa Sabon Rediyo a Tsohuwar Golf 3

Golf 3, wadda kamfanin Volkswagen ya fara fitarwa a 1991, har yau tana cin kasuwarta a tashoshinmu. Inji lafiya, jiki lafiya, sai dai rediyon da ta zo da shi na kaset ne, ba Bluetooth, ba wurin sa filas. Canza shi aikin awa ɗaya ne, kuma mai mota zai iya da hannunsa in ya natsu. Abin da ke damuna shi ne yawan motocin da nake gani an datse musu wayoyi an murɗa da salatif, bayan kwana biyu batir ya fara mutuwa cikin dare.

Tun a kasuwa ake fara aikin. Ramin rediyon Golf 3 faɗinsa milimita 180 ne, tsayinsa 50, girman da ake kira DIN ɗaya. Kada mai shago ya lallaɓe ka da babba mai allo, don ba zai shiga ba sai an yanka gaban motar. In na hannu za ka saya, a Ƙofar Ruwa ne ko a wani wuri, sa a kunna maka ka juya tasha. Tsofaffin da aka yi don kasuwar Japan iyakarsu daga mita 76 zuwa 90, ka ga ke nan mutumin Kano ba zai kama Freedom a 99.5 ba. Ka tabbata an haɗa maka da akwatin ƙarfen da rediyon ke zama ciki, da damin wayoyinsa mai soket irin na ISO, wanda shi ne na motar. Sai ka tanadi sifana mai lamba 10, ƙaramar sukundireba, filaya, da mitar gwada wuta.

Cire kan batir na ragi kafin ka taɓa komai.

Tsohon rediyon yana fita ne da wasu siraran ƙarafa biyu da ake zurawa a ramukan fuskarsa har su ce ƙas, sannan a jawo. In ba ka da su, kowane riwaya yana da su. Kada ka ɓanɓare da sukundireba, robar motar da ta sha ranar shekara talatin ba ta jure wasa. Idan ya fito, zare wayar eriya da soket ɗin baya.

Yanzu ga inda aikin yake. Soket ɗin gida biyu ne, ɗaya na wuta, ɗaya na sifiku. A jikin sabon rediyon launukan wayoyi kusan iri ɗaya ne ko Pioneer ka saya ko Sony ko Kenwood. Baƙa ita ce at, wadda ke komawa jikin ƙarfen mota. Rawaya tana son wutar batir kai tsaye, dare da rana, don ita ke riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye. Ja kuma sai an sa makulli take samun wuta, ita ke gaya wa rediyo ya tashi ko ya kwanta. To, Volkswagen ta sauya wa waɗannan biyun wuri a nata soket ɗin, rami na 4 da na 7 a gidan wuta. Idan ka cusa haka nan, rediyon zai yi magana, ka yi murna, amma duk lokacin da ka zare makulli sai ya mance komai, gobe da safe ka sake neman tasha daga farko.

Maganin da wasu ke yi shi ne su haɗe ja da rawaya wuri ɗaya a kan wutar batir. Wannan shi ne ke cinye batir, domin rediyon ba ya ƙara sanin an kashe mota. Kada ka yi. Mayar da kan batir na ɗan lokaci, ka ɗora baƙin tsinken mita a jikin ƙarfe, jan kuma a rami na 4, sannan na 7. Wanda ya nuna kusan bolt 12 alhali makulli na aljihunka, nan rawaya za ta je. Wanda wutarsa ke ɗaukewa da zarar an zare makulli, na ja ne. Yawancin damin wayoyin suna zuwa da 'yar mahaɗa a tsakiyar ja da rawaya musamman don wannan, sai ka zare ka musanya su ba tare da ka yanka komai ba. Sake cire kan batir kafin ka ci gaba.

Idan wani ya riga ya datse soket ɗin motar, akwai sauran aiki. Wayoyin sifiku na rediyon bibbiyu ne: farare na gaba hagu, masu ruwan toka na gaba dama, koraye na baya hagu, masu launin shunayya na baya dama, kuma mai baƙin zane a kowace biyu ita ce ta ragi. Don gane na motar, ɗauki batirin tocila mai bolt 1.5 ka taɓa wayoyi biyu a kawunansa, sifikar da suke kai wa za ta yi ɗan ƙara. Ka tabbata da mita cewa ba na wuta ba ne kafin ka gwada. Kada wayar sifika ko ɗaya ta taɓa jikin mota, tana iya ƙona rediyon. Mahaɗa kuwa a liƙe ta da dalma a rufe da kyau, don murɗin hannu ba ya daɗewa a kan hanyoyinmu masu gargada. Shuɗiyar waya ta eriya ce ko ta amfilifaya. In ba ka da buƙatarta, naɗe bakinta.

Bakin eriyar Golf wani lokaci bai dace da na sabon rediyo ba. Akwai 'yar mahaɗa mai araha da ake sawa a tsakani.

Zura akwatin ƙarfen cikin ramin, ka lanƙwasa 'yan haƙoransa da sukundireba su kama robar ta ciki, sama da ƙasa. Haɗa soket da eriya, mayar da kan batir, amma bar rediyon a waje tukuna. Ajiye tasha ɗaya, zare makulli, ka ga ya mutu, ka mayar ka ga tashar tana nan. Juya sauti hagu da dama, gaba da baya, ka ji kowace sifika a inda ta dace. In bai tashi ba sam, duba fis ɗin da ke bayansa, galibi mai amfiya 10 ne, kuma in ya ƙone a maye shi da irinsa, ban da ɗaura zaren waya. Komai ya yi daidai, sai ka tattara wayoyin ka kwantar da su ƙasa inda ba za su matse ba, ka tura rediyon a hankali har ka ji ya kama.