Darasi: Haƙƙin Kamfani Da Harajin Masu Hannu Da Shuni

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi muhawarar da ta daɗe tana tayar da ƙura a Amurka, wadda kuma take taɓa kuɗin cefanenmu.

A dokar zamani, ana ɗaukar kamfani kamar mutum mai zaman kansa. Yana mallakar dukiya, yana cin bashi, yana kai ƙara, ana kuma kai shi. A 2010 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa kamfanoni na da 'yancin kashe kuɗi ba iyaka wajen tallata ra'ayinsu a lokacin zaɓe. A 2017 kuma aka rage harajin ribarsu daga kashi 35 cikin ɗari zuwa kashi 21.

Masu goyon baya sun ce idan aka matsa wa mai kuɗi, zai kwashe jarinsa ya koma wata ƙasa, ma'aikata su rasa abin yi. Masu adawa suka ce wanda ya karɓi haƙƙi dole ya ɗauki nauyi. Hasali ma, a 2011 attajiri Warren Buffett ya faɗa da bakinsa cewa kason da ake cira daga abin da yake samu bai kai wanda ake cire wa ma'aikatan ofishinsa ba.

To, ina ruwanmu? Gwamnati ba ta haƙura da kuɗi. In ta sassauta wa manya, sai ta nema a kan kayan masarufi. A Najeriya harajin VAT kashi 7.5 ne tun 2020, kuma bai san mai kuɗi ko talaka ba. Katin waya na naira dubu, abin da ake cire wa attajiri shi ake cire wa mai sayar da ƙosai.

Musulunci ya ɗora zakka a kan wanda dukiyarsa ta kai nisabi, kashi 2.5 a shekara, talaka kuwa karɓa yake yi. Suratul Hashri, aya ta 7, ta koyar da cewa bai kamata dukiya ta riƙa kewayawa tsakanin mawadata kaɗai ba. Sai dai a lura, a wajen jumhurin malamai biyan haraji ba ya sauke zakka.

Saboda haka 'yar uwa, in ke ko maigida kuna da hannun jari a kamfani, ku tambayi malamai yadda ake fitar da zakkarsa. Masu neman ƙuri'armu kuma mu tambaye su: wa za ku ɗora wa nauyin?

Allah Ya sa mu dace, amin.