Yadda Ake Mayar da Manuniya Babban Yatsa

Wani jaririn akan haife shi babban yatsansa ɗan ƙanƙane, wani kuma nasa tsoka ce kawai tana reto a jikin fata, wani babu shi sam. Tun a 1967 likitan Jamus Walter Blauth ya kasa matsalar mataki biyar, kuma matakin ne ke nuna irin tiyatar da za a yi.

Kafin wuƙa ta taɓa hannu, sai an duba zuciya, ƙoda da jini, domin wannan tawaya takan zo tare da wasu, har da ciwon ɓargo da ake kira Fankoni. Daga nan a ɗauki hoton ƙashi, a dubi gaɓar da ke gindin yatsan, wajen wuyan hannu. Idan tana da ƙarfi, gyara ake yi: a faɗaɗa tsakanin yatsun, a ɗaure gaɓar da ta yi sako-sako, a aro tsoka daga gefen ƙaramin yatsa. Idan kuwa gaɓar ba ta ginu ba, to sai a cire ɗan yatsan, manuniya ta gaje shi.

Nan ne iyaye kan ja da baya, kuma ban ga laifinsu ba: wa zai so a rage wa ɗansa yatsa? Sai dai yaron da kansa ya riga ya yanke hukunci. Ka lura da shi yana wasa, za ka ga ya yi watsi da yatsan, yana matse abu tsakanin manuniya da na tsakiya kamar almakashi.

Galibi ana aikin ne tsakanin shekara 1 zuwa 2, bisa tsarin Dieter Buck-Gramcko na Hamburg, wanda ya ƙware a kan yaran da maganin talidomayid ya nakasa, ya kuma wallafa sakamakon tiyata 100 a 1971. A sa yaro barci, a ɗaure damtse don tsayar da jini, a tsaga fata bisa zanen da aka yi.

Sai aikin haƙuri. Ba yanke manuniyar ake yi a dasa ba; matsar da ita ake yi da jijiyoyinta a jiki. Likita, da madubin ƙara girma a idonsa, zai ware jijiyoyin jini da na ji masu sirantakar zare, ya ɗaure reshen da ke zuwa yatsan tsakiya, ya tsaga jijiyar ji da yatsun biyu ke tarayya a kai, yana kaffa-kaffa da jijiyoyin bayan hannu da ke mayar da jini. In suka murɗe, yatsan kumbura zai yi ya mutu.

Manuniya ta fi babban yatsa tsawo, don haka ake cire dogon ƙashinta na cikin tafin hannu, a bar kansa kawai ya zama sabuwar gaɓar gindi, a kashe wurin girmansa kada ya yi tsawo daga baya. Sannan a juya yatsan kusan digiri 160, ya fuskanci sauran, a kafe shi da zare ko siririyar waya. Ƙananan tsokoki biyu da ke gefensa su sami sabon aiki: ɗaya buɗewa, ɗaya matsewa. Jijiyoyin miƙewa a rage musu tsawo; na lanƙwasa kuwa su kan daidaita da kansu.

A saki ɗaurin damtse, kowa ya zuba ido har yatsan ya yi ja, sannan a ɗinke. Filasta har saman gwiwar hannu, mako 4 zuwa 6, sai atisaye, wanda a wannan shekaru wasa ne kawai. Wani lokaci akan naɗe sauran yatsun don a tilasta wa sabon aiki. Ƙarfinsa ba ya kai na babban yatsa na asali, kuma idan manuniyar dama a sandare take, haka za ta zauna. Amma yaro zai riƙe fensir, ya ɗauki kofi, ya sa maɓallin riga, baƙo kuma yakan daɗe bai lura yatsun huɗu ne ba.